Lubban Daga Maskat

Maskat, 3 ga Maris, 1986

Zuwa ga yayata, Adi Nuran,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗana Sanwal da duk mutanen layinmu na Liyari a Karaci. Ni ma lafiya nake, sai ciwon gwiwar nan, wanda nake gasawa da ruwan ɗumi sau biyu a rana kamar yadda ƙasidar asibiti ta tsara.

Dur Muhammad zai taso ranar Alhamis, na ba shi ƙunshi ya kawo miki. A ciki akwai mayafinki, da dabino, da baƙin takalmi na Sanwal, da ƙullin lubban. Ina roƙonki ki sa a karanta miki wannan wuri sau biyu. Lubban ɗin na sauro ne. Na karanta a wata ƙasida cewa hayaƙinsa yana korar sauro, ke kuma zazzaɓi ya kayar da ke sau uku bara. Na san abin da lubban yake nufi a gidanmu idan ya fito daga hannun magajin ganga, wato ni: izini ne a yaye wa mugarman, babbar gangarmu ta gado, mayafi a fitar da shi. Shi ya sa shekara goma sha ɗaya ina zaune a ƙasar lubban ban taɓa aiko ko ƙwaya ɗaya ba. Ban ba da izini ba. Gangar mahaifinmu ta ci gaba da tsayuwa a kusurwarta, a kan ƙafafunta huɗu, a lulluɓe.

Babban abin da ya sa na rubuto shi ne ganawar Sanwal ranar sha ɗaya ga wata. Kin san sai da na yi wata bakwai ina bin manajanmu na nan kafin ya yarda ya rubuta wa ofishinsu na Karaci a bar yaron ya zauna jarrabawar akawu. Ya zauna, ya zo na biyu cikin mutum sittin. Saura ganawa kawai. Ya aske gashinsa ƙasa sosai. Ya isa rabin sa'a kafin lokaci. Kada ya yi dariya da ƙarfi, kada ya buga yatsu a kan tebur, wannan mugun hali da ya ɗauko tun yana rarrafe. Duk abin da aka faɗa masa, amsarsa ita ce "to, ranka ya daɗe".

Ƙasidar ƙungiyarmu ta faɗi gaskiya: mutane suna yi wa Shidi, irinmu jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, dariya ne saboda kullum da ganga suke ganinsa. Ranar da suka gan shi da alƙalami a aljihu, za su ga mutum kafin su ga baƙar fata. A kan wannan na gina rayuwata, kuma tun da mahaifiyarsa ta rasu na bar miki shi, a kan wannan na roƙe ki ki rene shi.

Ƙanenki,
Bacal

*

Liyari, 14 ga Maris

Bacal, ƙanena,

Muna lafiya, zazzaɓi bai dawo ba. Ina zaune gaban Munshi Gul a bakin gidan waya, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Allah ya yi maka albarka! Wallahi ban san kana da wannan zuciya ba. Shekara goma sha ɗaya ina ce maka Malam Ƙasida, yau na janye.

Bari in faɗa maka daga farko. Sanwal ya tafi ganawar da takalminsa na da, don Dur Muhammad bai iso gidanmu ba sai washegari. Ya yi aski har kansa yana ƙyalli. Mutum uku ne a bayan tebur. Na tsakiyar ya dubi takarda, ya dube shi, ya ce, "Kai ne na biyun? Ko dai ka aiko wani ya rubuta maka?" Yaro ya ce shi ne, ranka ya daɗe. Sai mutumin ya kwashe kofunan shayi daga kan tire, ya tura masa tiren, ya ce, "To Shidi, lissafi mun gani. Ɗan kaɗa mana, mu ga ko na asali ne." Suka fashe da dariya. Ya ce shi aikin akawu ya zo nema. Suka ce ai ba su hana ba, ya fara yin rawar tukuna. Ya ajiye tiren ya fito. Kafin la'asar an manna sunan wani a allo, wanda ya zo na sha tara.

Ya dawo bai ci abinci ba. Na yi masa kifi da shinkafa, ko kallo bai yi ba. Ya zauna gaban mugarman kamar mai zaman makoki.

Washegari da hantsi sai ga Dur Muhammad. Ina kwance ƙunshi, ƙamshi ya buge ni. Na ce, "Sanwal, zo ka shinshina, ko hancina ne ya tsufa?" Ya buɗe ƙullin. Ya ce, "Baba ne?" Na ce, "To wa kake da shi a Maskat, surukinka?" Bacal, yaron nan ya durƙusa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne uwarsa. Yana cewa, "Ashe ya sani. Ashe ya san abin da za su yi mini."

Na aika aka kira Baba Jumman da sauran dattawan ganga. Suka ga lubban, suka ce magaji ya yi magana. Aka cire takalma, aka turara mugarman, aka yaye mayafi. Mutum huɗu suka ɗauke shi har ƙofar kamfanin, daidai lokacin da 'yan dako suke fitowa cin abincin rana. Sanwal ya tsaya ba takalmi a kan kwalta mai zafi, ya sa hannu. Ban taɓa sanin yana waƙa ba. Munshi, rubuta wannan daidai:

Ka ce in yi rawa, ga rawa ta zo ƙofarka,
Ka ce ina gangata, ga ta da ƙafarta huɗu.
Kakana ya sauka jirgi da sarƙa a wuya,
Na zo da alƙalami, ka miƙo mini tire.

Ba wanda ya yi rawa, Bacal. Abin da ya tsorata su ke nan. Mutum ya fi ɗari uku a tsaye cik, suna amsawa, "ka miƙo mini tire". Aka busa usur na komawa aiki, ba wanda ya motsa. Na tsakiyar nan ya leƙo ta taga, wata mai sayar da gyaɗa ta ɗaga tirenta sama ta ce, "Sauko ka kaɗa mana, ranka ya daɗe!"

'Yan sanda sun zo sun tafi da Sanwal da mugarman. Kada hankalinka ya tashi. Ya kwana biyu, dattawa suka tsaya masa aka ba da belinsa, don sun ce da izinin magaji aka fita, saboda haka maganar ta jama'a ce gaba ɗaya. Gangar tana can tukuna. Za a shiga kotu ranar biyar ga Mayu.

Takalmin ya yi masa kaɗan.

Yayarka,
Nuran

*

Maskat, 27 ga Maris

Adi Nuran,

Ina fatan kina lafiya. Ni ba ni da ita. Tun da takardarki ta iso shekaranjiya na karanta ta sau tara, kuma a kowane karo ina sa ran in tarar na yi kuskuren fahimta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wane izini? Ashe takardata ta uku ga wata ba ta iso ba? Da hannuna na jefa ta a akwatin babban gidan waya, na sa kan sarki fiye da yadda ake buƙata don kada ta tsaya a hanya. Na rubuta a cikinta, na ja layi a ƙarƙashi, cewa lubban na sauro ne. Na sauro, Adi! Ban saka takardar cikin ƙunshin ba ne saboda Dur Muhammad yana da ɗabi'ar karanta wasiƙun mutane a cikin jirgi. Dubi inda taka-tsantsan ya kai ni.

Kina yi mini albarka a kan abin da ya rushe aikin shekara ashirin. Ɗana, wanda ya zo na biyu cikin sittin, a tsaye ba takalmi a bakin titi yana dukan fata, a ƙofar mutanen da nake ci a hannunsu. Abin da suka ce ya yi a ofis ya ƙi, shi ne ya je ya yi musu a waje, kyauta, gaban duniya. Wannan ba shi ne abin da suke faɗa a kanmu ba?

Jiya manaja ya kira ni. Bai ce in zauna ba. An bugo masa waya daga Karaci, an ce aikin lodi ya tsaya sa'a uku, kuma yanzu 'yan dako suna rera waƙar duk lokacin da wani babba ya ratsa. Ya ce, "Bacal, kai da na ɗauka ka fita daban a cikinsu." Ya ba ni takarda da aka buga da keken rubutu. Tana cewa ni ne mai gangar, an ɗauke ta ba da sanina ba, kuma na barranta da abin da ɗana ya yi. In na sa hannu, aikina yana nan. In ban sa ba kafin ƙarshen Afrilu, in nemi jirgi.

Abin da takardar ta ƙunsa gaskiya ne, kalma bayan kalma. Ban taɓa sa hannu a ƙarya ba, ban kuma taɓa ƙin sa hannu a gaskiya ba. Ki gaya wa Sanwal ya rubuta takardar ban haƙuri, ya sa kaya masu tsabta, ya kai da kansa. Ki gaya wa Baba Jumman an yi kuskure.

Ki ba ni amsa da gaggawa, kuma ki yi rajistar wasiƙar.

Bacal

*

Liyari, 9 ga Afrilu

Bacal,

Muna nan da rai. Lafiya kuwa, ka tambayi wanda ya ci abinci.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Ta farkon ta yi yawon duniya, tambari huɗu ne a bayanta, har Haidarabad ta je. Munshi Gul ya fara karanta ta a nan bakin titi, da ya kai wurin sauro sai ya tsaya ya cire tabarau yana gogewa. Na ce, "Ci gaba mana, ko rubutun ya gudu?" Ya ce, "Adi, gara ki zauna." Na ce ai a zaune nake. Ya karanta. Na ce ya sake. Ka ce a karanta mini sau biyu, to an karanta.

Sauro! Na tsaya gaban dattawa na rantse cewa ƙanena ya farka, ashe sauro kake kora.

Ban iya ɓoye wa Sanwal ba, a fuskata ya gani. Ya karɓa ya karanta da kansa, duka biyun. Bai yi kuka ba wannan karon, kuma gara ma da ya yi. Ya ninke su yadda kake ninke takarda, gefe da gefe, ya ce, "Gwaggo, ranar nan da nake bugawa, duk sanda hannuna ya gaji sai in ce Baba yana ji." Shi ke nan abin da ya faɗa. Takardar ban haƙuri kuwa, ya ce a gaya maka ya ce "ranka ya daɗe" sau goma sha ɗaya a ɗakin ganawar, ya ƙirga, kuma tiren bai fasa zuwa ba.

Yanzu saurari abin da ƙasidarka ba ta gaya maka ba. Ka san dokar. Wanda ya fitar da mugarman ba izinin magaji, ba ya ƙara taɓa ganga har ya mutu, ba ya zama a da'ira ranar bikin waliyyi, kuma jama'a ba ta tsaya masa. In takardarka ta kamfani ta isa kotu, Baba Jumman zai ji. Dattawa za su janye belinsu, ba don mugunta ba, don haka dokar take. Ranar biyar ga Mayu ɗanka zai tsaya shi kaɗai, a matsayin wanda ya saci gangar ubansa ya tayar da fitina. Lauyan da ke taimakonmu ya ce hakan ɗauri ne.

Na sa takardarka ta farko a ƙasan gwangwanin gari. Ban nuna wa kowa ba, ban kuma ƙona ba. Taka ce.

Ka ce yaro ya yi musu abin da suke so. Kai ne za ka faɗi haka? Munshi, rubuta, kada ka dube ni. Ka tuna bikin ɗan mai gonaki a Tando Bago, kana shekara tara? Aka kira Baba da mugarman, aka sa ka rawa a tsakar fili. Suka gasa tsabar kuɗi a garwashi suna watso maka, kana tsinta kana yarwa kana tsalle, su kuma suna riƙe ciki don dariya. Baba yana gani, bai isa ya tsayar da hannu ba, don a ƙasar mutumin muke zaune. Ni na shafa maka man shanun da Inna ta roƙo a tafin hannu har mako biyu. Tun ranar ka tsani ganga. Na sani, ban taɓa ganin laifinka ba. Amma ba ganga ce ta gasa kuɗin ba, Bacal. Waccan rana an kira mu ne. Wannan karon ba wanda ya kira mu, kuma ba wanda ya yi dariya.

Wani mai shagon rediyo ya ɗauki waƙar a kaset tun ranar. Yanzu direbobin bas na Liyari ita suke sawa. Na ba wani mai tafiya ɗaya ya kawo maka. In ka ga dama ka saurara, in ka ga dama ka kori sauro da shi.

Nuran

*

Maskat, 24 ga Afrilu

Zuwa ga yayata, Adi Nuran,

Bayan sallama, ina fatan kin koma cin abinci. Gwiwata tana nan yadda take.

Wannan takarda a cikin ƙunshi take, kamar yadda kika gani. In Dur Muhammad ya karanta, to ya karanta. Dur Muhammad, ina gaishe ka.

Kaset ɗin ya kwana shida a ƙarƙashin ƙasiduna. Ranar Juma'a bayan masallaci na ari rediyon mai gadin sito, wani dattijo da mahaifiyarsa ta fito daga Zanzibar, na ce masa wa'azi zan saurara. Na rage murya ƙasa sosai. Na yi shirin jin hayaniya. Abin da na ji shi ne bugun Babanmu. Akwai wani jinkiri da yake yi kafin bugu na huɗu, kamar mai ɗauke numfashi, wanda ban taɓa jin wani ya yi ba. Sanwal yana shekara biyu Baba ya rasu. Ni ban koya masa ba, ke shaida ce. Ban san ta inda abin ya bi ya same shi ba, kuma na duba, babu ƙasidar da ta yi bayani.

Dattijon ya matso ba tare da na kira shi ba. Bai san harshenmu ba. Ya cire takalmansa, Adi. Ba wanda ya gaya masa ana cirewa. Da aka gama ya ce, "Wane ne wannan?" Na buɗe baki in ce wani yaro ne a unguwarmu. Sai na ji na ce, "Ɗana ne." Ya ce, "To me ya sa kake saurarensa kamar ɓarawo? Ƙara murya."

Game da Tando Bago, ban taɓa zaton kin riƙe ba. Tabon yana nan a hannun dama. Shekara arba'in da ɗaya ina rufe shi da alƙalami. Na yi imani cewa in na yi komai daidai, in ban makara ba, in ba a taɓa samun kuskure a littafina ba, wata rana za a daina gasa kuɗin. Ɗana ya yi komai daidai fiye da ni. Aka tura masa tire.

Ranar Lahadi na mayar wa manaja takardarsa. Akwai kurakuran bugu uku a ciki, na gyara su da jan biro, don ba na son takarda mai ɗauke da sunana ta fita a haka. Ya duba ƙasa ya ce, "Ina sa hannun?" Na ce babu, ranka ya daɗe. Ya ce, "Amma kai da bakinka ka ce ba ka sani ba." Na ce haka ne. Ya ce, "To ka haukace ne?" Na ce ina jin ban haukace ba, amma ban tabbata ba. Na juya na nufi ƙofa. Aikina ya ƙare ranar talatin ga wata.

Yanzu ga abin da nake so ki yi, kuma ki bi shi daki-daki. Ki fito da takardata ta farko daga gwangwanin gari, ki karkaɗe ta, ki kai wa Baba Jumman tare da wannan. A karanta musu duka biyun a gaban jama'a, har wurin sauro. Ba zan gina belin ɗana a kan abin da aka ɓoye ba.

Zuwa ga dattawa, da girmamawa: na aiko lubban da niyyar sauro, wannan gaskiya ne. Amma ku kun fi ni sanin abin da mahaifina yake faɗa, cewa lubban ba ya zuwa da wasiƙa. Doka ba ta taɓa tambayar abin da ke zuciyar magaji ba. Ta ce in ya fito daga hannunsa ya shiga gidan ganga, to ya yi magana, kuma shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. Na san wannan sarai lokacin da nake ƙulla shi, shi ya sa na ja layi a ƙarƙashin bayanina. Yaron bai saci komai ba. In akwai wanda ya cancanci a hana shi taɓa mugarman, to magajin da ya lulluɓe shi shekara goma sha ɗaya ne, sannan ya aiko da turarensa don ƙwari. Na karɓi alhakin fitar ranar sha biyu ga Maris, kuma zan faɗi haka a gaban alƙali.

Jirgina zai sauka Karaci ranar uku ga Mayu, in Allah ya yarda, kwana biyu kafin zaman kotu. Ban san abin da zan yi bayan nan ba. Na lissafa hanyoyi bakwai, babu mai kyau a cikinsu. Tsoro bai bar ni ba, kada ki zaci na zama wani mutum.

Ki gaya wa Sanwal ban rubuta masa daban ba saboda na gwada sau huɗu na yaga. Ki ce masa na ji. A makare, amma na ji. Kada ya zo taryata da takalmin da ya matse shi, a ba wani.

Ƙullin da ke cikin wannan ƙunshi ya fi na farko girma. Na mugarman ne, na ranar da za a sako shi. Na rubuta a jikin ƙullin, na rubuta a nan, na kuma gaya wa Dur Muhammad da baki.

Sauro kuwa, ki sayi maganinsa a kanti.

Ƙanenki,
Bacal